Da Bakina Aka Sallame Ka

Ya Fatawu, sanyin idona, ruwan randata, inuwata a garin da rana ke narka kwalta!

Ka tuna shekarar korona, a layin shagon nan na unguwar Najma, a wannan ƙasa ta Larabawa? Kowa da takunkumi, kowa taku biyu daga ɗan'uwansa. Ka ɗago kai, na gane murmushinka daga gefen ido kawai. A watannin nan ne kaɗai duniya ta ɗanɗana rayuwa irin tamu: so daga nesa, ba taɓawa.

Jiya kuwa da bakina aka sallame ka. Abokin ɗakinka ya karanta saƙonnina a wayarka, daga layin da ba wanda ya san nawa ne, ya kai wa manaja. Aka kira ni, tafintan kamfani, na tsaya tsakaninku ina juya Larabcinsa zuwa Hausa: an soke aikinka na gadin filin wasa, jirginka ranar Alhamis. Ban ƙara kalma ba, ban rage ba. Aka tambaye ka mai layin, ka dube ni, ka ce ba ka san shi ba. Ni na fassara amsar. Wayyo Fatawu! Wane irin masoyi ne ni, da muryata ba ta ko yi rawa ba?

Na bi dokar ƙwadago sashe-sashe. Na ga batun zafin rana, da awoyin aiki, da hutu. Ban ga inda namijin da aka kora don ya so namiji zai tsaya ba, balle wanda ya sauya jinsi. Wanda ya kai ƙara, kansa ya kai. A titi ana ta ganguna da tutoci saboda gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, ana cewa maraba da kowa. Mai tikiti ake nufi, ba mai tsaron ƙofa ba. Ghana da za ka koma, majalisa na tattauna ƙara tsananta hukunci a kan irinmu. Kano tawa kuwa, ka sani. Ina ƙasar da za ta ɗauke mu, tauraron asubata?

An ce in raka ka filin jirgi saboda takardu. Direban da zai kai mu yana jin Hausa, don haka ba zan iya cewa komai ba. Wannan wasiƙar da na cusa a fayil ɗinka, karanta ka ƙona. In ka yafe mini, ranar Alhamis miƙo mini jakarka in ɗauka. In ka riƙe abarka, zan gane, kuma ba zan daina son ka ba.

Naka har ƙasa ta rufe mini ido,
wanda ba ya iya sa sunansa.