Matar da ta shayar da ni Bafulatana ce, mijina ya ce ta bar masa gida kafin Juma'a

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf, da fatan an wuni lafiya, ya gida ya yara ya ƙoƙari. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai dangin mijina a ciki, ko da yake in sun karanta za su gane kansu, kuma gaskiya na wuce wurin da hakan zai dame ni. Don Allah ku ba ni shawara. Amma tun kafin in fara, duk wanda ya san abin da zai rubuta bai wuce "ki yi haƙuri" ba, ya riƙe abinsa, an ba ni shi har na ƙoshi.

Ni malamar firamare ce, ina aure a Ƙofar Sauri nan cikin Katsina, yau Talata kwanana talatin da ɗaya da haihuwar fari, 'ya mace, bayan shekara shida ina jira. Ni da mijina asalinmu 'yan wani ƙaramin gari ne a yammacin Katsina, ba zan faɗi sunansa ba. Layin da muke zaune kusan duk 'yan garin ne, wasu aiki ya kawo su, mafi yawa rashin tsaro ya koro su, wannan ya jawo wancan har muka cika layin. To ba katifa da tukwane kaɗai suka lodo a mota ba, har da gabar da ke tsakanin garinmu da rugagen Fulanin da ke kewaye da shi. Kuma kada wani ya ce mini 'yan bindiga ne suka kawo ta, sun dai hura mata wuta. Tun ina 'yar ƙarama nake jin manya suna zagin Fulani a kan shanun da suka ci gonar wani tun zamanin kakanni, alhali mai gonar da mai shanun duk sun daɗe a ƙasa.

Lokacin da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwo mai tsanani, nononta ya ƙafe. Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nonon shanu kullum, tana goyon ɗanta namiji, ita ce ta karɓe ni ta haɗa mu ta shayar har wata takwas. Inna nake ce mata, ɗan nata kuma bari in kira shi Buba, ba sunansa ba ne. Na tashi na san ina da uwa biyu. Duk Salla sai ta zo da man shanu a 'yar ƙwarya ta ce na ɗiyarta ne, kowa kada ya taɓa. Da mahaifiyata za ta rasu shekara uku da suka wuce, Inna ce ke riƙe da kanta.

Wata huɗu baya aka kai hari wani ƙauye kusa da garinmu, washegari matasa suka tashi ramuwa, suka bi rugage suna cinna wuta ba tare da tambayar waye ya yi waye bai yi ba, har da rugar su Inna. Buba ya fita da shanu a ranar, har yau babu shi babu labarinsa. Inna, tsohuwa mai kusan shekara saba'in, ta raɓe a gidan wata ƙawarta a bakin gari da zani biyu da 'yar ƙaramar waya.

Don kada a ce na faɗi gefe ɗaya, dangin mijina ma suna da nasu ciwon. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tare ƙanensa a hanya yana kawo hatsi Babbar Kasuwa, suka kashe shi. Mijina ne ya je ya ɗauko gawar. Yaron kirki ne, shi ne abokin wasana a gidan, na yi kukansa kamar ɗan'uwana na ciki ɗaya, kuma har gobe ina roƙon Allah ya tona asirin waɗanda suka yi. Ban taɓa cewa ba a zalunce su ba. Abin da nake tambaya shi ne, Inna ce ta riƙe bindigar?

Da haihuwa ta matso, ba ni da inda zan je wankan gida, uwa ta rasu, uba ya rasu. Hajiya, uwar mijina, gida uku ne tsakaninmu, amma ta ce ƙafa ta matsa mata, ba za ta iya ɗawainiyar mai jego ba, ƙafar da ba ta taɓa hana ta zuwa biki ko ɗaya ba. Sai na roƙi mijina a ɗauko Inna ta yi mini wanka. Ya ce to, amma kwana arba'in kawai. Na ce na ji, a raina na ce Allah ya kai mu arba'in ɗin tukuna.

Tun da ta zo, kafin in farka ta hura itace ta tafasa ruwa, ta jiƙa ganyen bedi, wato darbejiya, ta yi mini wanka safe da yamma, ta dama kunun kanwa, ta gasa wa jaririya cibiya, ta wanke kayanmu duka. Ba ta cin abinci a gaban mijina, in ya shigo ma sai ta ja mayafi ta juya baya don kunya. Kwana shida ba wanda ya ce komai, don ba ta fita. Ranar suna ne abin ya fashe. Mata sun cika gida, an zuba wa Hajiya kunu ta kai baki, sai wata ta raɗa mata wadda ta dama. Ta ajiye kofin ta tura shi da ƙafa. Nan da nan sauran matan layin suka bi sahu, aka bar kwanuka a cike, wata har da janye ɗanta da Inna ta miƙa wa hannu. Inna tana tsaye da ludayi tana kallo.

Wannan Hajiyar fa ita ce ranar bikina ta ishi mutane da cewa kakanta Bafillace ne, a dubi hancin 'ya'yanta. Da na tuna mata bayan an watse, sai cewa ta yi, "Mu Hilanin gida ne, waɗanga na daji ne, mi ya haɗa mu?"

Sai maganar waya. Kullum bayan La'asar Inna tana zagayawa bayan kicin inda muke ajiye itace, ta yi waya da Fillanci a hankali. Maƙwabciyata, wadda katanga ce kawai tsakaninmu kuma ba ta da aikin yi sai kasa kunne, ta ji. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Fillanci, amma kafin kwana biyu duk layin ya san wai na ajiye infoma a gida, tana ƙirga wa 'yan daji gidajen masu hali. Gidajen masu hali a layinmu, inda mai babur ne attajiri. Aka hana yara shigowa gidana, mai kawo mana ruwa ya daina tsayawa a ƙofarmu, matan da na yi wa ɗawainiya a nasu jegon suka ɗauke ƙafa. Mazan layin suka zauna a masallaci bayan salla, suka turo dattawa biyu wurin mijina. Cikin waɗanda suka zauna har da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya sha man shanun Inna ya fi a ƙirga.

Ranar Asabar mijina ya shigo ya ce Inna ta haɗa kayanta. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na ce masa kai da kake karatu a zaure ka fi ni sanin matsayin shayarwa, wannan matar uwata ce a shari'a, surukarka ce, ko aurenta ya haramta gare ka. Ya ce nono ba ya canja jini, kuma shi ba zai iya kallon uwarsa tana kuka ana cewa ya ajiye dangin waɗanda suka kashe ɗanta ba. Raina ya ɓaci na ce to su waɗanda suka ƙone mata ruga suka ɓatar da ɗanta, da me suka bambanta da waɗanda suka tare ƙanenka? Na san maganar ta yi zafi, amma ban janye ba kuma ba zan janye ba. Bai ɗaga mini hannu ba, ya dai ce nan da Juma'a ta bar masa gida, in kuma na ga ba zan iya rabuwa da ita ba, in bi ta. Tun ranar a gidan Hajiya yake cin abinci.

Yanzu ga abin da ya sa na nemi a ɓoye sunana. Duk wannan bakin da nake yi, ni ma maganar wayar ta shiga raina. In ta zagaya sai in ce a raina to in da gaske ne fa, in Buba bai mutu ba daji ya shiga fa? Ranar Lahadi na kunna rikodin a wayata na cusa ta cikin itacen kafin La'asar. Na yi wa matar da ta ba ni nononta tarko kamar ɓarauniya. Na tura wa wata abokiyar aikina da ke jin Fillanci, na ce ta gaya mini tsakani da Allah.

Da ta gama saurara ta kira ni. Ta ce tsohuwar nan danginsu da suka warwatse take bi ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya ko wani ya ga Buba, ko gawarsa, ko sandarsa ma, don ta san ko za ta fara yi masa addu'ar mamaci. A ƙarshe ƙanwarta da ta tsallaka Nijar ta ce mata ta taho wurinsu, me take yi cikin mutanen da ba sa ƙaunarsu. Inna ta ce ba za ta taho ba, ɗiyarta na jego, ba a barin wanka a tsakiya, kuma mutanen gidan suna mutunta ta ƙwarai, kada a damu. Mutanen da suka tura kununta da ƙafa take rufa wa asiri. Na shiga banɗaki na yi kuka har nonona ya zuba.

Abokiyar aikin nawa ta ce a shirye take ta zo ta fassara a gaban kowa. Amma na san mutanen layinmu kamar yadda na san tafin hannuna. Za su ce ai ita ma jininsu ce, ko su ce da zaurance ake maganar, don wanda ya ƙi shan kunu saboda hannun da ya dama shi ba hujja yake nema ba. Mijina ne kaɗai nake ganin wataƙila ya karaya in ya ji, shi ba mugu ba ne, matsoraci ne a gaban uwarsa. Sai dai in na fito da rikodin ɗin, dole Inna ta san abin da na yi. In na ɓoye, Juma'a na zuwa. In kuma na ɗauki jaririya na bi ta, ina za mu? Gidan yayana a layin yake, kuma kun ji inda ya tsaya. Aure na shekara shida ne, ina son mijina duk da haushinsa da nake ji, kuma ba na son 'yata ta tashi ba uba. Amma ba na son ta tashi a layin nan ta koyi janye hannu in Bafillace ya miƙo nasa.

Yau da safe tana yi mini wanka, Inna ta ce ta ji duk faɗan da muka yi da mijina, katangar gidan ba ta da kauri. Ta ce Alhamis za ta tafi, ba za a kashe mini aure a kanta ba. Ta nuna mini yadda zan riƙa watsa ruwan da kaina a kwanakin da suka rage, da yawan kanwar da zan sa a kunu. Na tambaye ta ina za ta, ta ce Allah na nan. Sai ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Duk garin nan ke kaɗai ce ba ki taɓa zargina ba."

Ban iya ɗaga kai na dube ta ba, kuma rikodin ɗin na nan a wayar da nake rubuta muku wannan.

Masu shirin cika sharhi da zagin Fulani, da masu shirin zagin Hausawa, ku wuce, ina da irinku a ƙofar gida. Sauran jama'a ku gaya mini gaskiya, kwana biyu suka rage. In kunna wa mijina ko Allah zai sa ya bar ta, ta san ni ma na zarge ta? Ko in yi shiru in bar tsohuwar nan ta fita ban san inda za ta dosa ba, tana sa mini albarkar da ban cancanta ba?