Noti Mai Shida da Rabi

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya aiki? Ni ce matar marigayi, wanda kuke zanen ƙarafa tare a kwamfuta. Kin zo gaisuwa, amma ranar ban iya ɗaga kai na dube ki ba.

Jiya na gane inda hirar mijina take tafiya. Ina kwashe aljihun teburinsa sai ga littafinsa mai baƙin bango. Rubutu iri biyu ne a ciki: nasa mai kama da tonon kaza, da wani siriri da jan biro. Naki ne, na sani. Shafi goma sha ɗaya kun cika a kan abu guda, wai "6.5". A gefe ya rubuta, "Kai, kanki yana ja!"

Shekara goma sha tara, in na ce ya aiki, sai ya ce "Lafiya lau," ya cire takalmi. Ban taɓa jin ya ce kaina yana ja ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ba zarginki nake da wani mugun abu ba. Amma raina ya sosu. Mene ne wannan shida da rabi da ya ci masa mako uku, ya ƙi faɗa mini?

Ki huta lafiya.
Matar marigayi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Oga, ya ƙara miki haƙuri.

Noti ne. Manhajar da muke zane da ita tana da jerin girman tiredi, wato zaren da ke jikin noti. Akwai milimita shida, akwai bakwai, babu shida da rabi. In kana son wanda babu, sai ka buɗe jadawalin da ke can cikin manhajar, ka kwafi layi ɗaya, ka canza lambobinsa da hannu, ka adana, ka rufe ta ka sake buɗewa. Oga ya kwafi layin shida, ya canza faɗin waje, ya manta na ciki. Sau biyu ana yanka notin yana ƙin shiga. Jan biron da kika gani, nan ne na kama masa kuskuren.

Ya hana ni faɗa, amma yanzu dole. Notin na keken ɗinkinki ne, wanda kika gada wurin mahaifiyarki. Ya ce shekara biyu kina ɗaure ƙafar allurar da waya, an zaga kasuwa babu irinsa. So yake ki wayi gari ki tarar ya gyaru. Ya ce in kika sani, za ki ce ya daina ɓata lokacinsa a kan tsohon ƙarfe.

Mun gyara lambobin a takarda ranar Laraba. Alhamis aka kwantar da shi a asibiti. Ba a shigar da su cikin manhajar ba. In kin yarda, zan shigar a tawa kwamfutar, a yanka, a kawo miki.

Da girmamawa,
Injiniya

Injiniya,

Salam. Na gode. Na karanta wasiƙarki a gaban keken, na yi kuka har wayar da ke ɗaure da shi ta dishe a idona. Gaskiyarsa, haka zan ce masa, har da harara.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, zafin bai tafi ba, wuri ya canza. Kin san kekena, kin san mahaifiyata, kin san abin da zan faɗa kafin na faɗa. Ni ko kalar biron da kike riƙewa sai bayan ransa na sani. Notin nawa ne, amma mako ukun naki ne, kuma babu mai karɓo mini su.

Kada ki shigar a taki kwamfutar. Tasa tana nan, na goge mata ƙura. Ki zo ranar Asabar da hantsi, ki zauna a gefe ki karanto lambobin, ni zan danna da yatsana, ko da zan kai azahar. A kujerarsa ni zan zauna. Ki taho da jan biron, ƙila ni ma na manta na ciki.

Littafin yana wurina, ban gama shawarar ko zan bar ki ki taɓa shi ba. Layin bai shiga ba tukuna, kuma keken yana ɗaure da waya.

Sai kin zo.
Matar marigayi