Ya Goge Min Kwamfuta, Muryar Baffa Na Ciki

Malama Sa'adiyya, don Allah ki taimake ni da shawara kafin zuciya ta sa in yi abin da zan yi nadama.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a Shanono. Ina da tsohuwar kwamfuta da wani abokin aikina ya sa min manhajar Linux a kai, ta kyauta, shekara huɗu ke nan. Ba ta taɓa kama bairos ba, ba ta taɓa tsaya min ina aiki ba. Da ita nake buga jarrabawar yara. A cikinta kuma na adana muryar Baffanmu marigayi, wadda na ɗauka yana ciwon ajali, yana faɗin inda iyakar gonata da ta ɗansa Hashimu take, tunda gambar da ta raba mu ta mutu tuni.

Hashimu ya zo aron kwamfutar, wai zai cike fom. Ta yaya zan hana ɗan'uwa? Har kalmar sirri na ba shi. Bayan kwana biyu ya dawo yana fara'a, wai ya ga komai nata a birkice, sai ya kai ta wurin mai gyara a Ɗambatta aka goge aka sa mata irin manhajar da kowa ya sani. Wai gyara ya yi min.

Abin da ke cin raina, ya san da muryar. Bara da muka yi cacar baki kan kunya uku na gyaɗa, na ce masa ina da shaida a ajiye. Tare muka taso, kwano ɗaya. Ina ganin da gangan ya ci amanata. Ga damina ta gabato. In kai shi gaban mai unguwa?

Mai Takaici, Shanono.

Malam Mai Takaici, na ji zafin abin, amma tsaya tukuna.

Ka kashe kwamfutar yanzu, kada ka ƙara ajiye komai a kai. Ka kai wa abokin aikin nan naka, ya tashe ta da Linux daga filashi ya lalubo abin da bai lalace ba. Ban yi maka alkawari ba, amma akan dace. Sannan ya mayar maka da tsarinka, ka riƙa kwafe muhimman abubuwa a wuri biyu. Ingancin Linux ba ya hana hannun mutum gogewa.

Batun Hashimu, ya yi laifi, domin kayan aro ba a yi masa gyaran da mai shi bai nema ba. Amma niyyarsa ba ka da tabbas a kai. Masu gyara da yawa da sun ga tsarin da ba su saba da shi ba sai su goge.

Kai ma da naka. Muryar mahaifinsa ce, yana gab da rasuwa, ka ajiye ta a matsayin makami, ba ka taɓa kiransa ya ji ba. Ka je wurin mai unguwa neman sulhu, ba ƙara ba, dattawa su taka gonar ku sake dasa gamba kafin shuka. Idan muryar ta dawo, Hashimu ne farkon wanda ya kamata ya saurara, ko da babu maganar gona.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sanyaya zukatanku, Ya ba ku damina mai albarka.