Alkamar Arba'in ɗin Baba

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafarki? Ƙanwata Fotini ta samu mai taya ta tsinkar zaitun?

Lafiyata ƙalau a Jamus, sanyi ne kawai.

Ranar addu'ar arba'in ɗin Baba aka sa ni jawabi kan yadda tunanin Turawa ya taso daga kakanninmu Girkawa zuwa yau. Malamina ya ce, "Stamatis, ai ku kuka koya mana haƙƙin uba a kan ɗa." Aka yi ta tafi. Na kasa ɗaga kai.

Na dafa alkamar da muke rabawa sadaka ranar arba'in, da rumman, irin taki. Na rasa wanda zan ba, na cinye ni kaɗai.

Ki kunna wa Baba kyandir a kabarinsa a madadina. Don Allah kada ki gaya masa abin da ya riƙe ni.

Ɗanki,
Stamatis