Ruwan Alwala a Layi na Bakwai

Agadas, 6 ga Maris

Zuwa ga maiɗakina Kadidia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƴarmu Biba da Inna. Ya ƙafar Inna? Ya garka, ya rijiya? Ni lafiyata lau, sai kewarku. Tunda rezon waya na can gida Tabelot ya fi jakinmu taurin kai, na ba Amadou mai kamiyon albasa, babbar motar nan, wannan takarda. Kar ki yi wa rubutuna dariya, ke ma naki ba na malamai ba ne.

Yau satina uku da kama aiki a garkar gwaji ta jami'a. Kadidia, ban taɓa ganin garka irin wannan ba. Ruwa ba ya gudu cikin fangali kamar namu, ta siririn tiyo yake ɗiga a gindin kowace shuka. Ragowar abincin ɗalibai ba a zubarwa, rami ake tarawa ya zama taki. Malam Lukumanu, shugaban garkar, kullum maganarsa ɗaya ce: bakin ci na ƙaruwa a duniya, ruwa na raguwa. Na ce masa ba sai ya kai ni duniya ba, ya zo ya leƙa rijiyarmu.

Sai dai akwai abin da ya ɗaure min kai. Wata ɗaliba, Halimatu Sa'adiya, ta shuka masara layi bakwai, kowane layi da irinsa, daga ƙauyuka ta tattaro su. A kansu za ta rubuta memuwar, wato takardar da sai da ita ake ba su diplom. Masara ta kai ƙugu, kore shar, sai shekaranjiya yarinyar nan ta zo ta rufe robine, wato famfon ruwan, ta ɗaura masa jan ƙyalle, ta ce kar in buɗe sai bayan kwana ashirin da biyar. Ta yi min dogon bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, ni kuwa ina ta cewa to, don kar a ce tsoho bai gane ba. Abin da na tsinta dai shi ne ƙarancin ruwa.

To, in ruwan jami'a ake tattali, na yarda, ba zan taɓa musu robine ba. Amma ruwan alwalata ai nawa ne, daga gida nake cika buta. Kin san halina, ban taɓa zubar da shi a busasshiyar ƙasa ba. Layi na bakwai ne ke kusa da inda nake shimfiɗa tabarma, don haka a gindinsa nake alwala yanzu.

Ki gaida Inna da ƙanena Jamilu.

Mijinki,
Saidou

Agadas, 24 ga Maris

Zuwa ga Kadidia,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji Biba ta yi zazzaɓi, ya jikin nata? Cukun da kika aiko ya iso, Allah ya saka. Amadou ya rantse bai taɓa ba, amma ƙullin ba naki ba ne.

Mutanen nan sun fi ƙarfin kaina. Layi shida na masarar nan sun naɗe ganye, sun yi fari, ina wucewa ina kau da kai kamar na ci amanarsu. Buta ta daina isa, sai na fara ɗauro bido ɗaya, wato jarkar ruwa, a keke daga gida, in zuba da sassafe kafin ɗalibai su fito, in rufe wurin da busasshiyar ƙasa yadda muke yi don kar rana ta shanye. Bido ɗaya ba ya isar layi bakwai, shi ya sa na tsaya kan na bakwai, in ceci abin da zan iya. Yanzu ya fid da kai, har ya fara goyo.

Halimatu Sa'adiya kuwa murna kamar an ba ta kujerar Makka. Kullum da la'asar tana nan da karne, littafin rubutunta, da abin awo, tana auna ganye, tana ɗaukar hoto. Ta kawo min shayi da sukari, ta koma kirana Baba. Jiya Malam Lukumanu ya kawo baƙi da ƴan rediyo, suka zagaye layin nan suna jinjina kai. Ni na koma gefe, na ce a raina ba kyau mutum ya yabi hannunsa a gaban manya.

Amma abin da ban gane ba, ba wanda ya dube ni. Kuma wallahi matattun layukan ma murna take yi da su, tana ƙirga su tana rubutawa. Ke a saninki, akwai manomin da ke murna shukarsa ta mutu? Na tambayi mai gadi, ya ce masu karatu haka suke, in yi aikina kawai. Ni dai raina bai kwanta ba, kuma ban san dalili ba.

Ki shafa min kan Biba.

Naki,
Saidou

Agadas, 10 ga Afrilu

Kadidia,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya. Takardarki ta zo, na karanta ta sau uku a tsaye, sa'an nan na zauna.

Kin ce kun ji a rediyo jami'a ta samo masarar da ke kwana ashirin da biyar ba ruwa. Kin ce tunda rijiya ta ja baya, Jamilu zai cika rabin garkarmu da ita, matan unguwa kuma sun dame ki don mijinki ne ke riƙe da wurin. Kadidia, kar ki yi wa kowa alkawarin ko ƙwaya ɗaya.

Da na gama karantawa na sami Halimatu Sa'adiya, na aje girman kai, na ce ta sake min bayanin nan da Hausa zalla, kamar tana yi wa kakarta. Ashe ba tattalin ruwa ba ne. Da gangan ake sa su ƙishirwa, don a ga irin da zai jure, a ba manoman da rijiyoyinsu suka ja baya. Wanda ya mutu ya ba da amsa, wanda ya rayu ya ba da amsa. Ta ce na bakwai ne amsarta, a watan Yuni za ta tsaya gaban malamai ta kare memuwar, mahaifinta har ya ware ragon walima.

Masarar nan ba ta jure komai ba. Bidona ta sha. Shekara talatin ina shayar da shuka ana ce min sannu, yau na shayar kuma na zama mai ɓarna. Har yanzu kaina bai ɗauka ba. Ta yaya ba da ruwa zai zama laifi, hanawa ya zama aiki?

Kwana biyu ke nan ban ce mata komai ba. In na yi magana, shekarar yarinyar nan ta tafi, aikina ma watakila. In na yi shiru, ta sami diplom, a raba iri, Jamilu ya shuka ya janye ruwa, rabin garkarmu ya ƙone, da na duk wanda ya saurari rediyo. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Shayin da ta kawo min ma na kasa sha.

Ki yi min addu'a, ki ce Inna ma ta yi.

Mijinki,
Saidou

Agadas, 2 ga Mayu

Zuwa ga uwar Biba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ya zafi? Na ga saƙonki mai layi ɗaya, cewa in ban faɗa ba ke za ki hau kamiyon Amadou ki zo ki faɗa. Ki kwantar da hankalinki, kafin ya iso na riga na yi.

Na ɗauki bidon na kai gaban Halimatu Sa'adiya, na nuna mata gindin layin da na riƙa zubawa, na faɗa mata komai tun daga buta. Ba ta yi min tsawa ba, da ma ta yi. Ta zauna a ƙasa da karnenta, ta daɗe tana kallon masarar, hawaye na zuba. Abin da ta ce kawai shi ne: "Baba, da ka tambaye ni." Na ce na ji kunya ne. Ta ce ita ma ta ga ina cewa to da sauri, ta san ban gane ba, amma tana gaggawar shiga aji.

Malam Lukumanu ya yi faɗa har gilashinsa ya zame. Da kansa ya koma rediyo ya janye maganar. Ba za ta kare memuwar a Yuni ba, sai baɗi, rago ya koma cikin garke. Na naɗe tabarmata ina jiran sallama, sai ga shi ita ce ta roƙa a bar ni. Wai mutumin da ya ɗauko ruwa a keke kwana ashirin don masarar da ba tasa ba, shi take so a wurin, in dai za a raba shi da bido. Wannan ma ban gane shi ba, Kadidia. Na ɓata mata shekara, kuma har yanzu Baba take ce min.

Mun sake shuka, sun tsiro, nan da ƴan makonni za a sake ɗaura jan ƙyalle. An mai da tabarmata can bakin ramin taki, nesa da su. Ta ba ni sabon aiki: kowace safiya in bi layi-layi in gaya mata wanda ya fara jin ƙishi, don ta ce idona na riga abin awonta da kwana biyu. Wato in tsaya a kansu, in ga suna roƙona, in rubuta, in wuce. Na yarda zan yi, don na ga amfaninsa a rijiyarmu. Amma zuciyata ba ta yi karatu ba, ban san yadda za ta yi da ni ba.

Ki ce wa Jamilu ya shuka irinmu na gida, ya rage fangali daidai ƙarfin rijiya. Ke kuma ina roƙonki abu ɗaya. Ranar da aka rufe robine zan aiko miki. Daga ranar, duk safiya in kin gama ban ruwa, ki ƙara buta ɗaya a gindin shukar da ta fi yaushi, ki ce daga Saidou ne.

Ina gaida Inna da Biba. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Mijinki mai kewarki,
Saidou