Hoton Kakata a Bakin Shinge

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ma'aikatan da ke tsaron shingen hanyarmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Sunana Hadiza, daga wani ƙauye kusa da Dogarawa. Bara na fita lakwal, wato makarantar boko. Ban taɓa rubuta wa babba takarda ba, in na yi kuskure a gafarce ni. Na rubuta a fili ne don ba gidanmu kaɗai zancen ya shafa ba, kuma don ranar da abin ya faru kunya da tsoro sun ɗaure mani baki.

Wata Talata cikin watan Zulƙida muka yi wa kakata rakiya, za ta Yamai ta hau jirgin Makka. A garinmu rakiyar maniyyata a shingenku take ƙarewa, tun da nan ne mota ke tsayawa dole, kowa ya sauka a duba takardunsa. Nan ake addu'a, a yafi juna, 'yan rakiya su juyo gida da ƙafa. Haka muka tashi muka tarar.

Kaka ba ta son hoto. In ban da ɗan ƙaramin da ke manne a fasfonta, wanda ta tafi da abinta, babu hotonta ko'ina. Kuma tun da tafiyar ta tabbata take gaya wa kowa cewa roƙonta Allah ya ɗauki ranta a Madina. Kawuna Isufu, mai ɗinki a Sakkwato, ya zo da kyamara. Ya ce a filin jirgi an hana ɗauka, gara a yi a nan. Da ƙyar Kaka ta yarda, ta ce kuma ba mai ɗaukarta sai takwararta, wato ni. Kawu ya nuna mani inda zan sa ido da inda zan danna, na danna.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Ban sauke hannu ba wani matashi cikin ma'aikatanku ya fizge kyamarar, igiyarta ta goge mani wuya. Ya yi mani tsawa da Faransanci gaban mutanen garinmu, yana cewa an hana hoto a wurin. Ranka shi daɗe, ban ce ba doka ba ce. Amma babu allo, babu zane, ba wanda ya gaya mana. Ni da na ɗan yi lakwal ban sani ba, balle iyayena.

Na biyu. Ya sa yatsa zai buɗe bayan kyamarar. Kawu ya riga ya gaya mani in haske ya shiga, fim ya ƙone ke nan. Kakata ce fa a ciki, sai na fashe da kuka.

Na uku, shi ya fi mani ciwo. Ana cikin wannan rigima aka ɗaga wa motar shinge, direba ya ja. Kowa ya nemi gafarar Kaka ban da ni. Gefen mayafinta kawai na hango ta taga.

Amma in na tsaya nan ban yi adalci ba. Wani dattijo cikin ma'aikatanku, mai furfura a gemu, wanda Hausarsa irin ta Zabarmawa ce, ya riƙe hannun matashin kafin ya buɗe. Ya tambayi Kawu wa aka ɗauka, ya saurara har ƙarshe. Ya ce kyamara za ta zauna wurinsu a rufe, ran kasuwar Ƙonni a je tare wurin mai hoto a wanke, a cire abin da doka ta hana, a ba mu saura. Ban yi zaton zai tuna ba. Ya tuna, aka je aka wanke. A bayan Kaka gangunan shinge da gefen rumfarku sun fito, ya sa almakashi ya yanke wajen. Yankan ya tafi da hannunta na hagu da butarta. Fuskarta kuwa tana nan cif, tana dariya, don lokacin tsokanata take yi wai na riƙe kyamara kamar tukunya mai zafi. Da Kawu ya kawo hoton gida, Innata ta zauna bakin murhu tana kallonsa har tuwo ya kama. Ban san sunan dattijon nan ba. Don Allah a isar masa da godiyar gidanmu.

Roƙona kaɗan ne. A kafa allo a shingen, da zanen kyamara an ja mata layi, don yawancinmu ba su karatu. A gaya wa ma'aikata kada su buɗe kyamarar kowa kafin su tambaya, don abin da ya ƙone ba ya dawowa. A kuma nuna mana inda dokar ta tsaya, ko gindin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke can gaba ne, mu koma nan da rakiyarmu.

Har yanzu alhazai ba su fara dawowa ba. In Allah ya amsa roƙon Kaka, to muna da fuskarta a bangon ɗakin Inna, kuma albarkacin mutuminku ne. In kuwa nawa roƙon ya amsa, ya dawo mana da ita, a shingenku za mu tarye ta. Ranar nan ina so in nemi gafarar da ban nema ba, in sake ɗaukarta da hannuwanta duka biyu. Shi ya sa nake tambaya tun yanzu inda zan tsaya.

Allah ya tsare ka da mutanenka a bakin aiki, ya ba iyayenka ikon zuwa ɗakinsa, ya sa a raka su lafiya a taryo su lafiya.

Wassalam.

'Yarka,
Hadiza