Kyamarar Da Ta Hango Ka

Baban Zuhura,

Na tafi Tanda wurin suna, na bar ka kana minshari. Jiya na zaɓi kyamara, ƙaramar nan mai shiga jaka. Ƙatuwar da kake so kamar turmi take, wa zai rataya ta yana bin yara?

Mai butik ya ce in gwada yadda take jawo nesa. Na saita ta bakin tasha, sai ga wani mai tansiyo, hawan jinin nan da ya sa aka hana shi mai da gishiri, wanda ya ce mini ya tafi Yelu, yana tsotsar kan soyayyen kifi. Har maiƙon gemunka ya fito tas! Nan take na ce a naɗe mini ita.

Fatenka marar gishiri yana cikin kula, ka cinye. Hoton kuwa, Innarka za ta fara gani.

Ramatu